Kik ya daina juya inji, notocinsa kuma sun ƙi kwancewa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin mota a taimaka mini da shawara. Motata mai fetur ce, silinda huɗu, giyar otomatik. Ta ɗan jima tana yi mini gardama: in na murɗa makulli sai in ji "ƙas" sau ɗaya, sai shiru, sai na sake murɗawa sannan ta tashi. Yanzu kam ta daina tashi gaba ɗaya, ƙas ɗin nan kawai ake ji. Fitilun gaba suna kawowa tar, hon ma yana yi. Na yi zaton kik ne, na shiga ƙarƙashinta zan cire shi. Notoci biyu ne suka riƙe shi a jikin giya. Na ƙasan ko motsi bai yi ba, na saman kuma sifana ta fara zamewa, kansa ya soma cinyewa. A nan na tsaya. Kik ɗin ne kuwa? In shi ne, yaya zan fitar da notocin nan ba tare da na karya su ba?

Wani rewaya:
Wa'alaikumus salam. Maigida, ajiye sifanar nan tukuna, mu tabbatar da mai laifi kafin a kama shi. Hasken fitila ba ya wanke batir. Fitilun gaba biyu abin da suke ja bai wuce amfiya goma ba (ma'aunin yawan wutar da ake ja), shi kuwa kik yana jan sama da 100 a lokacin da yake juya inji. Batirin da zai haska maka fitila zai iya kasa ɗaga kik.

Ka samu mita ka ɗora a kan batir. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6 in mota tana kashe. Sai wani ya murɗa makulli kana kallo. In ya faɗi ƙasa da 9.6, ko dai batirin ya gaji ko wani abu ya cije yana jan wuta fiye da kima. In kuwa ya tsaya kusan inda yake, fitila ma ba ta dushe ba, to wutar ba ta shiga cikin kik ɗin ba ke nan. Daga nan ka duba kawunan batir, wannan farin garin da ke taruwa a jikinsu shi kaɗai yana hana mota tashi. Ka duba kuma wayar at, wadda ta tashi daga kan batir mai alamar ragi zuwa jikin inji. Ka ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, ka maƙala baki ɗaya a kan ragi, ɗaya a ƙarfen inji mai tsafta, ka murɗa. In ta tashi, at ɗinka ne ya lalace, kik bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ƙarar ma tana magana. Ƙas-ƙas-ƙas da sauri, yawanci batir ne ko kawunansa. Ƙas ɗaya mai ƙarfi irin naka, solonoid, wato ƙaramar gangar da ke jikin kik mai haɗa masa wuta, ya tura amma kik bai juya ba. In ka ji kik yana gudu shi kaɗai inji bai motsa ba, bendis ne, wato ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke bakin kik yana kama inji, ke zamewa ko haƙora sun cinye. Shiru gaba ɗaya kuwa sai a nemi fiyus, rile (ɗan akwatin da ke tura wutar makulli zuwa kik), makulli, ko a mayar da giya N a gwada.

Wani ɗan uwa:
Ni dai abin da na sani, ka samu guduma ka ɗan bubbuga jikin kik ɗin wani yana murɗa makulli. Sau da yawa tashi take yi.

Rewaya:
Gaskiya ne, amma da ƙotar guduma, kuma a hankali. Kik na motocin yanzu maganaɗisu ne a manne a cikin gangar jikinsa, bugu mai ƙarfi yana fasa shi. Kuma wannan gwaji ne, ba gyara ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na auna, batir 12.5, da aka murɗa makulli ya sauka 12.2 kawai, fitila ba ta dushe ba. Wayar jonawa ba ta canza komai ba. Da na ɗan bubbuga shi sai ta tashi, na kashe, ta koma gidan jiya.

Rewaya:
To ka kama shi. Ko burushi, wato 'yan gawayin da ke kai wuta a cikin kik, sun cinye, ko tagullar da ke haɗa wuta a cikin solonoid ta ƙone. Dole ya fito. Yanzu magana ta koma wurin masu sifana.

Wani tsohon bakanike:
Ɗana, kafin komai cire kan batir mai alamar ragi. Ƙatuwar wayar nan da ke jikin kik kullum da wuta take, ko makulli yana aljihunka, kuma a yawancin motoci babu fiyus a kanta. Sifana ta haɗa ta da jikin inji, nan take za ta yi ja a hannunka. Sannan kada ka kwanta ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ka sa mata matokarai masu ƙarfi, ka tare tayoyin baya.

Abin da ya riƙe notocinka ba tsatsa ce kawai ba. Notin ƙarfe ne, gidan giyar da ya shiga kuma galibi alminiyam ne. In danshi ya shiga tsakaninsu sai alminiyam ɗin ya riƙa fitar da wani farin gari da ke cika zaren notin ya damƙe shi. Shi ya sa ƙarfi kaɗai ba ya yi, sai dai ya karya.

Buɗaɗɗiyar sifana ita ce ta cinye maka kan na saman, ka jingine ta. Soket mai kusurwa shida za ka nema, ba mai goma sha biyu ba, domin mai shida gefen notin yake kamawa, ba tsininsa ba. Ka goge kan notin da burushin waya har soket ya zauna ya kai ƙasa. Ka fesa man kwance tsatsa a wuyan notin, in kana iya ganin inda jelarsa ta fito ta baya nan ma ka fesa, ka bar shi ya kwana. Da safe ka ɗora wani ƙarfe a tsakiyar kan notin ka yi masa 'yan bugu gajeru, girgizar tana farfasa garin. Sai ka fara da ɗaurewa kaɗan, kamar za ka ƙara matse shi, sannan ka dawo. In ya motsa ko da kaurin farce ne, kada zumuɗi ya ɗebe ka. Gaba kaɗan, baya kaɗan, ka ƙara mai, haka har ya saki. Noti da yawa ba a farkon motsi suke karyewa ba, a tsakiyar hanya ne, lokacin da mutum ya ga ya ci nasara ya danna.

Na saman da ya cinye, ka buga masa soket da ya fi shi ƙanƙanta da lamba ɗaya har ya cije. Kuma shi za ka fara cirewa, na ƙasan yana riƙe da nauyin kik ɗin.

Wani ɗan uwa:
Baba, man birki fa? Na ga ana zubawa. Ko a haska masa gas kawai a huta?

Tsohon bakanike:
Man birki yana ratsawa, amma yana cin fenti, kuma in za ka kawo wuta kada ka zuba shi. Zafi kam yana aiki sosai, domin alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa kusan ninki biyu, don haka gidan da notin ya shiga ake ɗumamawa, ba notin ba. Sai dai alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka, a digiri 660 narkewa kawai yake yi. Ga tiyon fetur da wayoyi a kusa. Wanda bai saba ba, ban ba shi shawarar gas a ƙarƙashin mota ba.

In kan ya gutsure duk da haka, ba a mutu ba. Da zarar kik ya fita za ka ga guntun ya leƙo. A ɗora masa noti mai huda a tsakiya a yi walda, zafin waldar ma yana taimakawa, sai a kwance. Amma a cire batir gaba ɗaya kafin walda saboda kwamfutar mota. Abin da nake tsoro shi ne ƙarfen nan da ake huda guntu a cusa don a juyo shi. In ya karye a ciki, bakin injin huda na yau da kullum ba ya cinsa.

Mai tambaya:
Alhamdulillah, Baba, Allah ya saka da alheri. Na saman ya fito da ƙaramin soket ɗin, zarensa fari fat da garin da ka faɗa. Na ƙasan sai da na ƙara wa hannun soket tsawo da bututu, ya yi ƙara sannan ya saki. Kik yana hannuna. In gyara ko in canza?

Rewaya:
A buɗe shi tukuna. In burushi ne ko tagullar solonoid, canza su ya isa. In kuwa ka ji ƙaurin ƙonewa, ko wayoyin ciki sun yi baƙi, canza shi gaba ɗaya, kuma ka tafi da tsohon a gwada ramukan noti a ƙirga haƙoran bendis su zo daidai. Tun da ramin yana buɗe, haska tocila ka duba haƙoran filawil, wato babban faifan inji da bendis yake kamawa. Notin da ya cinye kada ya koma, ka sa sabo, ka shafa wa zarensa man hana kamewa. Fuskar da kik yake zama a jikin giya kuwa ka goge ta tas, kada giris ya taɓa ta, ta nan yake samun at.