Muhawara: Shin kuɗin kayan da masana'antu suka sayar shi ne ma'aunin ƙarfinsu?

Malam Sani: Matsayina shi ne, idan ana son sanin gudummawar masana'antu ga tattalin arzikin ƙasa, a haɗa kuɗin duk kayan da suka sayar a shekara, domin lissafi ne da kowa zai iya bin diddiginsa.

Hajiya Binta: Malam, da wannan lissafi za a ƙirga abu ɗaya sau uku. Masana'antar ƙarfe ta sayar wa mai ƙera inji, shi kuma ya sayar wa mai harhaɗa mota, ga kuɗin ƙarfen nan ya shiga lissafi a kowane mataki. Saboda haka tsarin lissafin ƙasa na Majalisar Ɗinkin Duniya yake cire kuɗin kayan da aka sayo aka sarrafa, ya bar ƙimar da masana'antar ta ƙara da kanta.

Injiniya Usman: Hajiya ta yi daidai, sai dai ku biyun kun manta da hauhawar farashi. Idan farashi ya tashi, kuɗin ciniki zai ƙaru ko da tan ɗaya ba a ƙara ba, shi ya sa babban bankin Amurka yake fitar da ma'aunin yawan abin da aka samar kowane wata.

Malam Sani: To, ƙarin ƙimar ma ba ta tsira ba. A shekarar 2015 alƙaluma sun nuna tattalin arzikin Ireland ya bunƙasa da kusan kashi 26 cikin 100, galibi saboda manyan kamfanonin ƙetare sun mayar da rajistar haƙƙin mallakar fasaharsu can, alhali yawan ma'aikata bai yi irin wannan tsalle ba.

Hajiya Binta: Wannan matsalar inda ake rubuta mallaka ce, Malam, kuma jimlar cinikin da kake karewa ita ma da ta kumbura.

Injiniya Usman: Kafin ku ci gaba, wace masana'anta ake nufi? A lissafin Bankin Duniya, ɓangaren masana'antu ya haɗa haƙar ma'adinai da man fetur da gine-gine da wutar lantarki, don haka kason masana'antu a tattalin arzikin Saudiyya yake fin na Jamus girma. Malam Sani, ƙere-ƙere kaɗai kake nufi, ko har da rijiyoyin mai?