Zoɓo mai kauri, da wane abinci ya fi tafiya?

Maman Ilham, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Asabar mai zuwa za mu yi walimar saukar ƙanena, ni aka ɗora wa abin sha. Zoɓona irin na kakarmu ne: baƙin soɓorodo nake jiƙawa tun dare, in tafasa da citta da kanumfari da ɗan masoro, sukari kaɗan. Yakan yi ja har ya yi duhu, in ka zuba a kofin gilashi ba ka hango yatsanka ta bayansa. Ka kurɓa, tsami ya fara dukan harshe, yajin citta ya biyo maƙogwaro, sai wani ɗan bauri ya rage a baki kamar ka ci goro. Baurin nan shi nake so. Amma da Babbar Sallah na kawo shi da alkaki da dubulan, Yaya ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye kofin, wai ya cika tsami. Abin ya tsaya mini a rai, don na san zoɓon ba shi da laifi. Me zan haɗa shi da shi?

Kuku Na Daura:
Wa'alaikumus salam Maman Ilham. Alkakin ne ya ɓata miki. Duk wanda ya fara cin abin da aka tsoma a zuma ko ruwan sukari, abin da ya sha bayansa tsami zai yi masa, ko da lemon zaƙi ne. Zoɓo irin naki nama mai maiƙo yake so.

Na daɗe ina aikin girki a wani otal a Abuja, a can na ga yadda Turawa ke yi da jar giyarsu ta inabi. Mu ba ma sha, amma dabarar haɗin abin lura ce. Mai nauyi daga cikin irin giyar, irin wadda ake yi da inabin Cabernet Sauvignon a yankin Bodo na Faransa, tana da bauri sosai, daga ɓawon inabin da 'ya'yansa yake fitowa. Sinadarin ana ce masa tanin, shi ne kike ji a goro da shayin da ya daɗe a wuta. Sukan kawo ta da gasasshen naman sa ko na rago, saboda kitse yana kwantar da baurin, shi kuma ya wanke maiƙon daga baki. Zoɓo ya fi ta tsami, baurinsa bai kai nata ba, amma aikin ɗaya ne. Ki samu balangun rago mai zafi da albasa da yajin ƙuli, ki ba Yayar taki ta ci yanka biyu sannan ta kurɓa.

Hajiya Babba, Ƙofar Ƙaura:
Gaskiya ya faɗa, 'yata. Ni da farfesun kayan ciki nake sha, ko waina da miyar taushe mai tantaƙwashi. Roƙona ɗaya, kada wani ya ce ki zuba kanwa don ta kashe tsamin. Tana kashewa kam, amma jan nan mai kyau zai koma baƙi-baƙi, ɗanɗanon ya mutu. Ɓawon abarba ya fi, ki tafasa tare.

Abban Sadiq:
Ban yarda da kilishi ba dai, ko da wani zai kawo shi. Na gwada, yajinsa da cittar zoɓon suka haɗu, ba ka jin komai sai zafi. Tsire ya fi, don yana da mai. Kuma kada ki cika ƙanƙara, tana narkewa ta tsinka shi. Ki sa jarkar a firji tun safe.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Dama an yanka rago, zan ce a ware cinya ɗaya a kai wa mai balangun bakin layinmu. Masu alkaki kuma in dama musu kunun aya. Hajiya, ɓawon abarba nawa zai ishi mudu ɗaya na soɓorodo?