Gem ko aji, wanne ya fi koya wa mutum tafiyar kumbo?

Injiniya Bashir: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana, yaron da ya zauna ya buga Kerbal Space Program, gem ɗin kwamfuta na ƙera roka da tuƙa kumbo, har ya iya haɗa kumbo biyu a falaki ya fi ɗalibin da ya haddace lissafin a aji gane yadda abin yake tafiya. Lissafin hanyar tauraron ɗan adam shi ne aikina, amma wlh in na dawo gida da dare gem ɗin nan nake buɗewa, don a nan ne kake ganin lissafin yana motsi da idonka.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Haba Injiniya, ka yi nisa da yawa. Duniyar da ke cikin gem ɗin, Kerbin, daga tsakiyarta zuwa doronta kilomita 600 ne kacal, tamu kuwa ta haura 6,300. A can delta-v, wato jimillar canjin gudun da roka za ta iya yi, kamar mita 3,400 a daƙiƙa ya isa ya kai ka falaki, a nan sai ka nemi wajen 9,400. Yaro zai taso yana ganin harba roka abu ne mai sauƙi.

Injiniya Bashir: Malam ai girman ba shi ne darasin ba. Dokar dai ɗaya ce.

Hadiza: Malam a yi min afuwa, ina bayan Yaya Bashir a nan. Ku tuna kumbon Amurka Gemini 4 a 1965, kwamandansa McDivitt ƙwararren matuƙin jirgin yaƙi ne, ya hango guntun rokar da ta kawo su yana so ya matsa kusa, sai ya nufe shi kai tsaye ya ba da wuta yadda kowane matuƙi zai yi, amma sai tazarar ta yi ta ƙaruwa har ya ƙona mai da yawa aka ce ya haƙura. A falaki in kana bin wanda ke gabanka sai dai ka rage gudu ka sauko ƙasa, kewayenka ya gajarce, sannan ka cim masa. Ni an koya min wannan a allo na rubuta a jarrabawa na ci, amma sai da na yi ta fama da shi a gem kafin ya zauna min a kai.

Malam Sani: To Hadiza wa ya warware matsalar? Masu takarda da biro ne. Ɗan sama jannati Buzz Aldrin digirinsa na dakta a jami'ar MIT ta Amurka a 1963 kan haɗuwar kumbuna ya yi shi, kuma kafin 1965 ta ƙare Gemini 6 da 7 sun haɗu. Sannan gem ɗin naku ƙarfin jan duniya ɗaya kawai yake lissafawa a lokaci guda, shi ya sa babu wuraren Lagrange a ciki, wato inda jan manyan abubuwa biyu kamar rana da duniya ke barin kumbo ya tsaya wuri ɗaya yana tafiya tare da su, ke nan madubin hangen nesa na James Webb da ke zaune a ɗaya daga cikinsu, L2, kilomita miliyan 1.5 daga nan ba shi da mazauni a duniyarku.

Injiniya Bashir: Wannan gaskiya ne Malam, kuma nan ne abin da ya sa nake ƙaunar mutanen gem ɗin yake. Su da kansu suka ga giɓin suka rubuta Principia, ƙari da ake ɗora wa gem ɗin, mai lissafa jan kowace duniya lokaci ɗaya, wasu suka yi Real Solar System da Realism Overhaul suka mayar da komai girmansa na gaskiya har da injin da ba ya kunnuwa sai sau ɗaya ko biyu, duk kyauta ba wanda ya biya su sisi, kuma za ka tarar ɗan sakandare da injiniyan roka suna musu kan adadi ɗaya kowa na kawo hujjarsa. NASA da kanta ta haɗa hannu da Squad, kamfanin Meziko da ya yi gem ɗin, a 2014 kan aikin kamo dutsen sama, hukumar Turai ESA ma ta shigo a 2020. Da shirme ne za su sa sunansu?

Auwalu: Ni wani gem ɗin kumbo mai suna Orbiter nake yi, na Martin Schweiger, tun 2000 yake kuma kyauta ne, duniyarmu ce da girmanta. Amma gsky yawancin waɗanda na sani a Kerbal MechJeb suke kunnawa ya tuƙa musu komai su suna kallo.

Malam Sani: Yauwa Auwalu, Allah ya yi maka albarka. Wanda ya danna maɓalli kumbo ya sauka a Mun, watan Kerbin, me ya koya? Kuma a gem in roka ta fashe sai ka koma baya ka sake, a wajen aikinku Injiniya akwai komawa baya?

Injiniya Bashir: Babu, shi ya sa muke gwada komai a kwamfuta kafin a taɓa ƙarfe. Malam ka ba ni ɗalibanka goma na wata ɗaya, a cire MechJeb.

Malam Sani: Na yarda da sharaɗi ɗaya, kowa ya fara lissafa delta-v ɗinsa da dokar Tsiolkovsky ta lissafin roka a takarda in duba in sa hannu kafin ya taɓa kwamfuta. Sauran goman kuma suna aji tare da ni, jarrabawa ɗaya za su yi.

Hadiza: Ni zan fitar da tambayoyin, kada ɗayanku ya gani.