Neman shawara: babur DT175 ɗin marigayi Babanmu nake son tasowa don tseren yashi, kuɗina kaɗan ne

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai Yamaha DT175 a zauren gidanmu, na marigayi Babanmu ne tun yana malamin gona a wajen Rano. A 2013 da aka hana goyo a babur a Kano ya jingine shi, ya ce babur ɗin da ba zai kai Hajiya unguwa ba ba shi da amfani a gari. Tun daga nan bai sake tashi ba. Jiya na janye tabarmar da aka rufe shi da ita: tayoyi sun tsattsage, ɓera ya cinye soson kujera, cikin tanki ya yi ja da tsatsa, amma da na taka kik a hankali ya motsa, bai ƙame ba. Burina in mayar da shi irin baburan tseren da, in cire fitilu da kariya, in sa masa allon lamba, mu riƙa fita yashin Challawa da abokaina ranar Lahadi. Naira 300,000 na ware, ba ni da ƙari. Wani ya ce in jefar da injin in ɗora na Jincheng in huta. Mai fenti kuma har ya faɗa min kuɗinsa. Ta ina zan fara?

Tsohon Bakanike, Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Yaro, ka fara da sallamar mai fentin nan, ka ce masa sai bayan Sallah. Kuma kada ka sake taka kik ɗin sai ka cire fulogi ka ɗiga ɗan mai a ramin, ka bar shi ya kwana. Fistin da ya shekara goma a bushe kana gurza shi kana ƙara wa kanka aiki.

Leƙa ƙarƙashin tanki. In shokazoba ɗaya ce doguwa ta bi ta nan zuwa ƙafar baya, to ƙirar 1978 zuwa sama ne, giya shida. Injin tu-sitirok ne, cc 171, faɗin silinda milimita 66. Ba bawul, ba cen ɗin tayimin, shi ya sa gyaransa ke da sauƙi. Amma yana da wani waje guda da ke kashe shi, kuma nan ne kowa ke tsallakewa: sil biyu na kiranshaf, wato sandar da ke juyawa a ƙasan injin, su ke toshe gefenta biyu. Roba ce, zaman banza da zafin Kano sun riga sun busar da ita. Na hagu, wajen magneto, in ya mutu iska yake zuƙa, mai ya yi wa injin kaɗan, za ka ji yana ihu shi kaɗai ko ka saki totur, kafin ka ankara fistin ya kama. Na dama in ya mutu man giya yake sha, hayaƙi ya turnuƙe layinku. Na ga wani ya yi fenti mai kyau, ya sa sitika, ya hau daga nan zuwa Kabuga injin ya buga. A kan sil ɗin da bai kai kuɗin sitikar ba. Ka buɗe injin, ka canza su duka biyun da boris, ka kama konrod, ƙarfen da ke haɗa fistin da kiranshaf, ka ja sama da ƙasa. In ka ji yana wasa, sai an danne sabo. Silinda in ta yi zane, a kai wa masu borin, a sa fistin na gaba, wanda ya fi faɗi da milimita 0.25 ko 0.50 gwargwadon zurfin zanen. Kada su tsallaka zuwa 1.00 don shi ne a shagonsu, ka bar wa gaba abin da za a ci.

Ɗan Fagge: Oga, da girmanka, amma ni ina bayan wanda ya ce a ɗora injin Jincheng. Kayan sa ko a Rijiyar Lemo ka tsaya za ka samu. Na DT fa? Sai ka zaga Sabon Gari ka gaji, a ƙarshe a ce sai an aiko daga Nnewi. Mutum ya ce kuɗinsa kaɗan ne.

Tsohon Bakanike, Ƙofar Ruwa: Ɗan Fagge, mazaunin injin ba ɗaya ba ne. Sai an yanka firam an yi walda, a daidaita layin cen, a sake salansa. Ka lissafa kuɗin injin da na mai walda ka gani ko an yi arha. Kuma a yashi ba shi da zafin tashi irin na DT. In Jincheng yake so ai ga su nan 'yan babura, ya saya ya bar na Babansa yadda yake. Su DT an daɗe ana ƙera su, fistin da ringi da gasket suna samuwa, haƙuri kawai ake yi.

Baban Khalifa: Ni maganar mai zan yi, don ta taɓa ci na. Waɗannan baburan suna da famfon da Yamaha ke kira Autolube, shi ke tura man 2T, wato man injin tu-sitirok, daga ƙaramin tanki zuwa injin. Bayan wannan zaman, ko dai ka sa a fitar masa da iska a tabbatar yana turawa, ko ka cire shi ka toshe ramin ka riƙa haɗa man da fetur da hannunka. Masu tsere sun fi yin na biyun. Lissafin 32 da 1 ne, wato kowace lita 4 ta fetur ka zuba mililita 125. Ka sayi sirinji babba a kemis don awo, ban da "na ƙiyasta". Kuma 2T na gaske, ba baƙin man mota ba kamar yadda masu janareto ke yi. Fulogi NGK B8ES. Bayan ka ɗan zaga ka cire ka duba bakinsa: kalar soyayyar gyaɗa shi ne daidai, baƙi mai ya yi yawa, fari fat kuwa ka kashe injin nan take.

Tanki kuma ka zuba ƙananan notina da kananzir ka yi ta girgizawa, ka wanke, ka jiƙa da ruwan khal kwana ɗaya, ka busar sosai, sannan ka sa 'yar filta a kan tiyo kafin kafireta. Soson iska sabo, a shafa masa mai a matse. Da ƙurar hunturu da yashin kogi, injin da ba filta kwana nawa zai yi?

Kawun Yara, Mandawari: Ɗana, kowa ya yi maganar ƙarfe, bari in yi wadda ba a yi ba. An raba gadon marigayi? In ba a raba ba, babur ɗin nan ba naka ba ne kai kaɗai, akwai haƙƙin Hajiya da ƙannenka mata a ciki. Ka tara su, a yi masa kuɗi yadda yake yanzu da tsatsarsa, ka biya ko su yafe maka a gaban shaidu. In ka bari sai ya yi ƙyalli, kuɗin da za a yi masa daban ne, zumunci kuma ya sha wuya. Sannan ka nemo takardunsa a akwatin Babanku.

Maman Ummi: Allah ya saka, Kawu. Ni dai roƙona ɗaya, tunda ɗan'uwana ƙafarsa har yau da ƙarfe a ciki sanadin wasan babur a biki: cikin dubu ɗari ukun nan a fara cire kuɗin hular kwano da takalmi mai rufe ƙwauri. Kuma ban da kan titi.

Ɗan Fagge: Gaskiyar Maman Ummi. Babur ba fitila ba lamba, 'yan KAROTA masu kula da titi ba za su saurari labarin tsere ba. Ka ɗora shi a a-kori-kura zuwa bakin yashi. Fitilun da ka cire kuma ka adana su a kwali, wata rana za ka neme su. Taya 21 ce a gaba, 18 a baya, kuma ta gaban ce ke wahalar samu. In za ka sayi ta hannu, duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka yi hattara da wajen da tifofi ke ɗibar yashi, akwai ramuka.

Ɗan Gwale: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Oga, na leƙa, shokazoba ɗaya ce. Na ɗiga man na rufe. Kawu, wallahi ban kawo maganar gado a raina ba. Na je wa Hajiya da ita bayan isha'i, ta yi shiru, sannan ta tashi ta ɗauko min takardun a cikin wata tsohuwar jakar Makka, har da rasit. Ta ce ita ta yafe nata, amma kada in canza launin tankin. Ƙannena biyu za su zo Juma'a. Oga, in Allah ya kai mu Asabar zan turo injin a Adaidaita Sahu, ƙarfe nawa kake buɗewa?

Tsohon Bakanike, Ƙofar Ruwa: Tara. Ka zo da kafiretar ma, da kwalin da za mu zuba notina.