Jama'a a taimaka, kaset ɗin Amurka ya ƙi ba ni kala

Salam 'yan uwa. Ni dai na daɗe ina tara tsofaffin finafinan kasada da Amurkawa suka yi wa talabijin kawai ba su taɓa shiga silima ba, irin na shirin ABC Movie of the Week da aka yi daga 1969 zuwa 1975. To kwanan nan na samu kaset uku na VHS, wallahi da ƙyar, amma NTSC ne, wato tsarin hoton talabijin na Amurka, bidiyona kuma na tsarin PAL ne irin namu na Najeriya. In na haɗa da talabijin hoto na fita tas, da na jona wa kwamfuta ta wannan ɗan USB ɗin don in kwafe sai ya koma baƙi da fari yana rawa, murya kam lafiya lau. Wani mai gyara ya ce PAL 60 bidiyon ke fitarwa, wato gaurayen PAL da NTSC, shi ya sa, wai sai na nemo na NTSC zalla, to ina zan gan shi tunda an daina ƙera su tun 2016? Ga ɗaya daga cikin kaset ɗin kuma fumfuna ta yi masa fari-fari ta gefen zaren, tsoro nake in saka ya ɓata min kan bidiyo. Don Allah wa ya taɓa gogewa, kuma da me?