Ajiye tirela da lodi a gangara: birkin hannu kaɗai ya isa?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum, manyanmu. Idan dare ya yi wa mutum a wuri irin Tafa ko Mararrabar Jos, fili ya cika, sai gefe mai ɗan gangara ya rage, ga buhu 600 na siminti a bodi, jan birkin hannu ya wadatar? In kuma za a cire kai, wato gaban motar mai inji, a bar bodi, da me ake farawa?

Baban Gareji: Wa alaikumus salam, ɗana. Bai wadatar ba. Buhu 600 tan 30 ke nan, ban da nauyin motar kanta. Ka tsaya kai da bodi a miƙe, ka ja birkin hannu, yaron mota ya sa waigi na katako, wato abin tokare taya, a tayoyin bodi, hagu da dama, ta ɓangaren da gangarar ta nufa. Ba dutse ba, don dutse yana sulɓewa a kan kwalta ko ya fashe.

Yawancin motocin Turai irin DAF da MAN, hannun birkinsu yana da matsayin gwaji: in ka danna shi ka ƙara ja, birkin bodi zai saki, kai kaɗai ya riƙe. In mota ta motsa a nan, to wurin nan ba na kwana ba ne, nemi wani.

Batun cire kai kuwa, nan ake asarar rai. In ka zare jan tiyo, wato tiyo mai launin ja da ke kai iska daga kai zuwa bodi, bodi zai kama birki da kansa, sai ka ɗauka an gama. Iskar da ta rage a tankinsa ce ke riƙe shi. Kafin asuba tana iya zurarewa, tsohon bodi marar birkin sifirin, wanda ke riƙewa ko ba iska, sai ya kama hanya shi kaɗai. Don haka fara da birkin ajiya na bodi, sai waigi, sai ka sauke ƙafafun ƙarfe na gaban bodi, ka cire tiyo ja da rawaya da wayar wuta, sannan ka buɗe makullin farantin da ya haɗa kai da bodi ka fita a hankali. Ran dawowa, kada ka jona jan tiyo sai ka tabbata birkin kai a jaye yake, domin da iska ta shiga, bodi zai saki kana tsaye tsakaninsu.

Mai Tanka: Baba ya gama magana, ƙari kawai. Da damina ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin ƙafafun ƙarfen, in ba haka ba ɗaya ta nutse a laka, bodi ya kwanta. Kuma in ka sauko doguwar gangara birki yana wari, kada ka ɗaure shi nan take. Gangar birki ta buɗe da zafi, in ta huce a matse sai ta lanƙwashe ko ta tsage. Sa waigi, ka ba ta lokaci ta huce. Mai ɗauke da fetur ya yi nesa da mai shayi da mai tsire.

Hajiyar Lodi: Don Allah 'yan'uwa, a daina dogara da zuba ganye a hanya a matsayin alama. Da dare ba a ganinsa. A fitar da taya duka daga kwalta, a kauce wa kwana da gada da bayan tudu, a goge jan abu mai ƙyalli na bayan bodi, a ajiye alama mai kusurwa uku kamar taku 100 a baya. Ƙaramar mota in ta shige ƙarƙashin bodi, daidai gilashinta ƙarfen yake.

Sabon Hannu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, waigi guda nawa ya kamata a riƙe a mota?

Baban Gareji: Huɗu. Biyu na bodi, biyu na kai.