Wace kalma za mu ba "Type A" da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Malaman Hausa da ma'aikatan lafiya da ke nan, taimakonku nake nema. Ina rubuta bayani kan yadda halin mutum ke taɓa lafiyar zuciyarsa, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira Type A, wato halin mutum mai gaggawa da gasa da saurin fushi, na tsaya cak.

Kada ma a ce mini "nau'in A". Na gwada shi a gida, ƙanwata ta ce, "Yaya, ai ni O ce, ban shiga ciki ba." Mutanenmu da sun ji A, rukunin jini ne zai faɗo musu a rai, ko gwajin AA da AS na kafin aure. Wannan kuwa hali ne, babu ruwansa da jini.

Wasu likitocin zuciya biyu ne a San Faransisko ta Amurka, Meyer Friedman da Ray Rosenman, suka fito da kalmar, suka wallafa bayaninta a 1959. Kujerun ɗakin jiransu ne suka fara ba su haske: bakin kujera da hannuwanta ke cinyewa, bayan kuwa garau. Masu zuwa ba sa jingina, a ɗosane suke zama, kamar yanzu za su zabura. Sai suka bi maza sama da 3,000 a Kalifoniya har shekara takwas da rabi, suka ga masu wannan hali sun kusan ninka sauran wajen kamuwa da ciwon jijiyoyin zuciya.

Ina karanta wannan sai kawuna ya faɗo mini. Ɗan kasuwa ne. Bai taɓa bari ka ƙarasa magana ba, shi zai ƙarasa maka. Yana cin tuwo yana duba agogo. Danja ba ta gama sakin hanya ba ya danna oda. In maƙwabcin shagonsa ya sauke dila goma, ranar ba zai yi barci ba. Goggona kullum cewa take, "Alhaji, wutar cikin nan taka sai ta ƙona ka." Daga bakinta na ɗauko kalmar da nake kawo muku: halin wutar ciki.

Na auna wasu kafin ita. Gaggawa ta kama yanki ɗaya kawai, ta bar gasa da saurin fushi. Zafin nama yabo ne, wa zai ji tsoronsa? Garaje kuma na marar lissafi ne, alhali wannan mutum lissafi ne ya yi masa yawa. Wutar ciki ta haɗa rashin haƙuri da ƙaguwa da abin da ke cin mutum daga ciki, ga shi tsohuwa a ƙauye ba sai an yi mata fashin baƙi ba. Kishiyarsa, wato Type B, sanyin hali ya wadatar.

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta tsayar da ni, ta ce, "Malam, ka yi hattara, kada mai ƙwazo ya ɗauka ƙwazonsa ne zai kashe shi." Hajiya, kin yi gaskiya, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Manyan binciken da aka sake yi a shekarun 1980 ba su tabbatar da wancan sakamako na Friedman da Rosenman ba, daga baya ma ta fito fili cewa kamfanonin taba sigari sun zuba kuɗi a wannan fage, don a ɗora wa hali laifin da ke wuyan taba. Da aka tankaɗe, abin da ya saura a rariya shi ne fushi da mugun zato da riƙe mutane a rai. Duk lokacin da ran mutum ya ɓaci, jiki na sakin sinadaran adiranalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau. In abin ya zama na kullum, ga rashin barci, ga taba, ga ƙin jin maganar likita, jijiyoyin ne ke biyan bashin. Binciken INTERHEART na 2004, wanda ya shafi ƙasashe 52, ya sa damuwa da matsin rayuwa cikin manyan abubuwa tara da ke da alaƙa da ciwon toshewar jijiyoyin zuciya.

Wannan ɓangare na fushi da mugun zato da riƙe mutane a rai, ni ƙullaci nake so mu kira shi, ba ƙiyayya ba. Ƙiyayya na da wanda ake yi wa. Mai ƙullaci kuwa kowa abin zargi ne a wurinsa, daga mai shayi har ɗan da ya haifa. Ai harshenmu ya riga ya hango: muna cewa wane yana da zuciya, wane ya yi zuciya, har mu ce ya haɗiyi zuciya ya mutu.

Ga yadda na sa jimlar yanzu: "Wutar ciki ita kaɗai ba a tabbatar tana jawo ciwon zuciya ba, amma in ta haɗu da ƙullaci, akwai haɗari." Mutanen Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, ku ma haka kuke jin wutar ciki, ko a wajenku ta fi karkata ga zumuɗi? Ina jiran amsarku kafin in miƙa rubutun.